Inna Ba Ta Ci a Gabana

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, shi ya sa ban tashi a gabanta ba. Ana yaye ni Gwaggo, yayar babanmu, ta goya ni ta kawo ni Dorayi. A can na yi wayo, a can na yi makaranta, daga ɗakinta aka kai ni gidan miji, kuma ɗakinta na dawo da auren ya mutu. Inna kuwa tana ƙauyenmu na bayan kamfanonin fata na Challawa, inda in iska ta juyo da yamma baƙo kan toshe hanci, 'yan gari su ci gaba da hirarsu. Da salla nake zuwa gaishe ta. In durƙusa daga bakin ƙofa, ta kawar da kai ta ce, "An zo lafiya? Ya mutan Dorayi?" Shi ke nan hira ta ƙare. Sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. In ta kama dole sai ta yi zancena, "ta Dorayi" take cewa.

Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Inna ta wuce misali. An ce kakarta Bafilatana ce, a can ta gado. Ni dai ban taɓa ganin kyan abin ba. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yanta, ni da ƙanwata Auta, kuma ina kallon Auta da girmanta tana kwanciya a cinyarta, tana ce mata "ke Inna", suna musu a kan gishirin miya. Ni kuwa "ku" nake ce mata kamar surukata. Ina da zuciya, ba na ɓoyewa. A kamfanin biskit ɗin da nake aiki a Sharada, 'yan layinmu na shirya kwali sun san ba a taka ni a kwana lafiya. Amma a gaban Inna zuciyar ciki take komawa, ta yi ta cina ni kaɗai.

Ciwon suga ya daɗe a jikinta ba mu sani ba. Ta rame, ga shan ruwa ba ji ba gani, ga wani ƙurji a ƙafa da ya ƙi warkewa. Ita kuma in an tambaye ta sai ta ce zafin gari ne. Rannan tana tsame ɗanwaken da ma'aikatan kamfani kan shigo zaure su saya, ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Aka kai ta asibiti a cikin gari, aka ba ta gado a ɗakin mata. Likita ya ce suga ya hau sosai, ƙwaya ba za ta iya masa ba, sai allurar insulin, kuma kafin kowane cin abinci za a riƙa yi mata.

Auta ta taho daga Zariya da goyonta, muka raba jinya. Ita ke kwana, ita ke ba da abincin safe da na dare. Ni na roƙi a mai da ni aikin dare a kamfani, don in riƙa zuwa da hantsi in karɓe ta, ta je wurin Gwaggo ta yi wanki ta runtsa. Abincin rana ya zama nawa ke nan.

Babbar nas ta ɗakin 'yar Filato ce, gajera, kakkaura, da ɗan gicciye a wuya da agogo maƙale a ƙirji. Sista kowa ke ce mata. Tafiyarta kaɗai in aka jiyo, masu dubiyar da suka baje a kan gadajen marasa lafiya sai su fara tattara takalma. Kafin azahar takan zo da ɗan tirenta. Ta goge yatsan Inna da auduga, ta soka ɗan tsini, ta ɗiga jinin a bakin na'urar gwaji, ta tsaya tana kallon lambar da za ta fito, fuska ba yabo ba fallasa. Sannan ta zuƙo insulin daga wata 'yar kwalba, ta ɗaga sirinjin wajen haske, ta ƙyasta shi da farce. Da ta kai hannu za ta ja labule nake ficewa, don a ciki ake yin allurar, ni kuwa ko ƙaurin Inna ban taɓa gani ba.

Tun ranar farko ta tare ni a bakin ƙofa. "Ke ce mai abincin rana? To saurara. Wannan allura in ta shiga jiki, abinci take nema. In ba ta samu ba, mai jikin za ta ci. Ki tabbata Mama ta ci, kin ji ko?"

Na ce na ji. A raina har na ce, wannan mata da iyayi take, sai ka ce ita ta fara jinya a duniya.

Ita ta ce a rage tuwon shinkafa, a nemi acca da wake da ganye. Ban iya girka acca ba. Wata abokiyar aikina 'yar kudancin Kaduna ta kawo mini mudu guda, ta tsaya a bakin ƙofar kamfani bayan an tashi tana kwatanta mini yadda ake wanke ta a fitar da yashi, da lokacin da ake zuba alayyafo. Na koma gida ido na yaji don barci, na hura wuta na yi faten acca. Wannan ne karo na farko da na yi wa uwata girki. Ban gaya wa kowa ba, na zuba a kula na kama hanyar asibiti.

"Inna, ga abinci."

"A ajiye."

"Ku ci mana, tun da zafinsa. Sista ta ce kar a jima."

"Za a ci."

Ta ja carbinta, ta juya wajen taga. Na zauna a kan benci ina jira, har aka kira azahar na fita alwala. Da na dawo na tarar an taɓa faten, kamar loma huɗu ko biyar, an rufe kula an tura ƙarƙashin gado. Washegari ma haka, jibi ma haka. Alhali da hantsi in na zo nakan ga kwanon Auta an suɗe shi tas. Abin ya tsaya mini a rai. Na ɗanɗana faten ya fi a ƙirga, na ƙara daddawa, na rage gishiri, na canza zuwa wake da zogale, duk dai 'yan lomomin nan ne. Na yanke wa kaina hukunci cewa ba girkin ne ba a so ba, mai girkin ce.

Ranar da abin ya faru ina fashin salla, don haka ba abin da zai tashe ni. Sista ta zo, ta gwada, ta yi allura, ta ce "ki ba ta", ta wuce gado na gaba. Na zuba abinci a kwano na ajiye a gefen Inna, na gyara zama a kan bencin, na naɗe hannu. Na ce yau sai na ga abin da ke cikin girkina da ya hana a ci. Aka kira salla, mata suka watse, ni ina nan. Inna ta yi taimama a kan gado ta yi sallarta a zaune, ta shafa, ta ci gaba da jan carbi. Ta saci kallona sau ɗaya, ta ga ban motsa ba.

"Ba a fita ba?"

"Ba na yi yau."

Ta koma kan carbinta. Ni kuwa na ƙi tashi. Abinci ya huce, ƙuda ya fara sauka a bakin kwano, ina korarsa da mafici kamar shi ya yi mini laifi.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Carbin ne ya fara faɗuwa ƙasa. Na sunkuya zan ɗauko, sai na ga hannunta yana karkarwa, gumi yana tsattsafo mata a goshi har ya jiƙa bakin ɗankwali, ga fanka kuma tana juyawa a kanmu. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta juyo. Tunda nake ban taɓa ganin tsakiyar idonta ba sai ranar. Ta cafki wuyan hannuna da wani irin ƙarfi, tafinta sanyi ƙalau, ta kira sunana. Sunan yanka, cikakke, yadda liman ya raɗa shi. Ta sake kira. Sannan ta ɗaga kai tana magana da wasu mutane da ba sa ɗakin.

"Yaya, kar ki tafi da ita yau. Ba ta ƙoshi ba. Ku bar mini ita ta ƙara kwana, don Allah, ba ta ƙoshi ba."

Yaya take kiran Gwaggo. Na gane ranar da take ciki, ranar da aka yaye ni aka tafi da ni.

Tun farko Sista ta gaya mana alamomin faɗuwar suga, ni da Auta: gumi, karkarwa, surutai. Ta ce duk wanda ya gani ya kira ta ko yana tsakiyar cin abinci. Na sani sarai. Amma ban kira ba. Na tsaya a durƙushe hannuna cikin nata, ina jira ta sake faɗa. Tsohuwar da ke gadon kusa da mu, wata 'yar Kumbotso mai hawan jini, ita ta daddage ta ƙwala kira, "Sista! Sista! Ku zo, baiwar Allahn nan za ta tafi!"

Ban san mai jiki irin nata tana iya gudu haka ba. Ta ture ni gefe, ta soki yatsan Inna, ta dubi na'ura ta ce, "Yesu!" Ta daka wa ƙaramar nas tsawa ta kawo gulukos, ruwan sukarin da ake sawa a jijiya. Lokacin kan Inna ya fara langaɓewa, bakinta yana motsi ba sauti. Sista ta cika wani ƙaton sirinji, ta haɗa da allurar da ke maƙale a bayan hannun Inna, tana turawa a hankali tana cewa, "Mama, dawo. Mama, ina za ki? Dawo nan." Can sai Inna ta ja dogon numfashi, ta buɗe ido tana dube-dube kamar wadda aka tasa daga barci. Ta ga yatsunta na riƙe da gefen hijabina. Ta saki da sauri, ta jawo mayafi ta rufe fuska.

Sista ta sake gwadawa, ta jira, ta kuma gwadawa. Sai da hankalinta ya kwanta sannan idonta ya faɗa kan kwanon. Ta ɗaga shi. Ta buɗe kula. Ta juyo gare ni.

"Me na gaya miki? Ban ce ki tabbata ta ci ba? Kina zaune! Kina zaune a nan kina kallon mamanki tana tafiya! Da na je ɗakin magani fa? Da wannan tsohuwa tana barci fa? Wace irin 'ya ce ke?"

Kowa ya juyo yana kallonmu. Masu jinya, masu dubiya, har mai goge ƙasa ta tsaya da sandarta. Ni da bakina ba ya mutuwa, ni da na taɓa tsayar da layi guda a kamfani saboda an gaya mini baƙar magana, sai ga ni na sunkuyar da kai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tsohuwar Kumbotso ce ta yi gyaran murya. "Sista, sassauta mata. 'Yar fari ce. Ni tun shekaranjiya nake lura da su. Wannan baiwar Allah ko yunwa za ta kashe ta, ba za ta kai loma baki yarinyar tana kallo ba. Sai ta fita salla take ɗan taɓawa a gurguje, tana ci tana kallon ƙofa."

Na tsaya ina laluben kaina. Duk zuwan da na yi da salla, duk bikin da muka haɗu, zaman makokin babanmu da na yi kwanaki a gidan, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman ranar da na ga Inna tana tauna wani abu. Ko goro babu. Na haura talatin a duniya ban taɓa lura ba, sai da baƙuwa daga gadon gefe ta gaya mini. Wannan kunyar ta fi ta faɗan Sista ciwo.

Sista ta ajiye kwanon a hankali. "Na daɗe a Kano," in ji ta, "na san ba a kiran suna. Ban san har da abinci ba." Ta zauna a bakin gado, ta dafa ƙafar Inna ta saman zani. "Mama, ni ban hana ki kunyarki ba. Amma yau saura kaɗan ta kai ki kabari."

Daga ƙarƙashin mayafi Inna ta ce, "A yi haƙuri."

Daga ranar Sista ta canza tsari. Ba ta zuƙo allura sai ta ga an buɗe kula an zuba abinci. Tana gamawa ta nuna mini ƙofa da haɓa, ita ko ƙaramar nas su tsaya har sai an ci rabi. Da yamma ina jinta tana gaya wa wadda za ta karɓe ta, da ƙarfi kamar mai shela, "Gadon bakin taga, a fitar da babbar 'yar kafin a ba ta abinci." Haka na zama abin nuni a ɗakin. In na tashi zan fita, mata su bi ni da murmushi. Nakan tsaya a baranda in jingina da bango ina kallon masu tura keken marasa lafiya. Ban gaya wa Auta abin da Inna ta faɗa ba, ban gaya wa Gwaggo ba. Ko Inna ta tuna, ko tsohuwar ce ta tsegunta mata, ban sani ba. Na dai ga ta ƙara juya wa bencina baya.

Suga ya daidaita, ƙurjin ƙafa ya fara kamewa, likita ya ce za a iya sallama. Sista ta ce ba inda za a je sai wani ya koyi allura da gwaji a gabanta, ta gani da idonta. Inna ba ta ganin 'yan layukan jikin sirinji. Auta kuwa mijinta ya fara waya, kuma ita ko kaza ake yankawa sai ta shige ɗaki.

"A koya wa maƙwabciya," in ji Inna, tana kallon bango.

"Maƙwabciya tana da nata gidan, Mama. Rannan za ta je biki, rannan za ta je awo. Wannan abu ba ya hutu."

"To a bar ni a nan."

Zuciyata ta taso. Na ce, "Ni zan koya." Da faɗa na faɗe shi, kamar wani ya ce ba zan iya ba.

Sista ta fara da ni a kan tawul da aka naɗe. Wanke hannu, murza kwalba a tafi ba girgizawa ba, fitar da iska, duba layi sau biyu. Ta ce tunda wuta ba ta zama a ƙauye, in sa kwalbar a leda in ajiye a 'yar tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, kusa da randa. Ta ce kar ɗaki ya rabu da sukari ko dabino saboda irin ranar nan. Sai da na huda tawul ɗin har ya ba ni tausayi, sannan ta ce gobe sai a jikin mai shi.

Washegari ta ja labule, wannan karon ina ciki. Mu uku.

"Mama, sassauta zani."

Inna ba ta motsa ba. Sista ta tsaya riƙe da tire kamar ba ta da wani aiki a duniya. An jima Inna ta juya fuska ga bango, ta lulluɓe kanta da mayafi, ta kai hannu ta kwance bakin zanin.

Fatar cikin ta saki, duk nankarwa, fari-fari, ga ɗigo-ɗigon inda aka yi ta allura. Na kasa kai hannu. Sista ta kama wuyan hannuna ta ɗora. "Kama fata haka, da yatsu biyu. Me kike tsoro? Nan kika fito, ba baƙon wuri ba ne." Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi, na ji cikin Inna ya ɗan ƙanƙame a ƙarƙashin yatsuna. Na soka, na tura, na jira yadda aka koya mini, na zare.

Sista ta karɓi sirinjin ta jefa a kwalinsa. Sai ta tsaya, ta dube ni, ta dubi dunƙulen mayafin da ke kan gado. "Saura abu ɗaya. A gida wa zai tsaya ya ga ta ci? Ni ba na can."

Ni dai na san ba zan sake zama a gabanta ba, kuma na san ba zan iya tafiya aiki ban tabbatar ba. Can daga cikin mayafi muka ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa.

"A sayo cokali."

Sista ta dube ni, na dube ta. Ba wadda ta gane a cikinmu. Inna da hannu take cin komai, in ji Auta, har tsiya take wa masu cokali, wai 'yan boko ne da ba su yarda da yatsun da Allah ya ba su ba. Na dai saya a bakin asibiti, na ƙarfe, na jefa a jaka.

Na kwaso kayana daga Dorayi na koma ƙauye. Safiyar farko na gwada yatsa, na yi allura, na ajiye kwanon silba da cokalin a kai, na fito na saki labule. Na zauna a kan turmi a bayan ƙofa, na ba ɗakin baya, na kasa kunne. Sai na ji ƙwal, cokali ya bugi gefen kwano. An jima kaɗan, ƙwal. Kowace loma sai ta buga.

Haka muke har yau. In ƙarar ta tsaya nakan yi tari, sai ta ci gaba. Ba ta sake kiran sunana ba, ni ma ban taɓa tayar da zancen ba. Wani lokaci ina ɗaga sirinji wajen haske sai muryar nan ta dawo mini, in ji ina kwaɗayinta, sai kunya ta kama ni ni kaɗai a tsaye. Na san hanya ɗaya ce tak da zan sake jin sunana a bakinta, kuma aikina kullum shi ne in toshe wannan hanya. Sai in sake duba layin, in tabbata ban wuce ba.

In ta gama takan daɗe tana kankare gindin kwano, ko da ba komai a ciki. Motar kamfani tana yi mini hon daga bakin titi, 'yan layinmu suna tsaki. Ba na tashi sai ta ajiye cokalin.